Muryar Baba a Kulle

SHAFA'ATU: Salamu alaikum. Alo? Wa ke magana?

BILYA: Wa alaikumus salam. Yaya Shafa, ni ne.

SHAFA'ATU: Wa? Ɗaga murya, bawan Allah, iska kawai nike ji.

BILYA: Bilya ne! Ƙanenki!

SHAFA'ATU: Auta? Ikon Allah! Yau wace rana? Tsaya, kar ka kashe. Gilashin wayar ya fashe, ba ni ganin suna. Bari in fita tsakar gida in hau turmi, nan ɗaki ba a samun sabis... Yawwa. Kana ji na?

BILYA: Sarai nake jin ki. Ina wuni?

SHAFA'ATU: Lahiya lau. Ina gajiya?

BILYA: Ba gajiya. Ya gida? Ya mutanen Sheme?

SHAFA'ATU: Kowa lahiya. Ya Kaduna? Ya aiki?

BILYA: Da godiya. Ya maigidan naki?

SHAFA'ATU: Shina gona, maimai suke. Ya ruwa wajenku?

BILYA: Ya yi gyara. Ku fa?

SHAFA'ATU: Alhamdu lillahi, masara har ta fara goyo. Ya ƙarin haƙurinmu?

BILYA: Haƙuri sai ma'aiki. Allah Ya jiƙan Baba.

SHAFA'ATU: Amin, amin. Wata goma ke nan jiya, ka sani? Kamar yau.

BILYA: Na sani. Ya Sumayya? Ta fara magana sosai?

SHAFA'ATU: Magana? Auta, yarinyar da ke zuwa islamiyya da allonta? Ka ga abin da shekara uku ba zuwa gida ke jawowa. In ta gan ka hanya, wallahi Malam za ta ce maka ta wuce.

BILYA: Kin fara, ko? Ina Inna? Ya jikinta?

SHAFA'ATU: Da sauƙi ƙwarai. Ta shiga maƙwabta wajen Rifkatu, kalwa suke wankewa. Yanzu za ta shigo. Kai, mi ya faru? Muryarka kamar ta wanda ya tsinci dami a kala.

BILYA: Yaya Shafa, ya buɗe.

SHAFA'ATU: Wa ya gudu?

BILYA: Ya buɗe, na ce! Aikin nan da nake ta fama da shi. Yau da hantsi ya buɗe a waya.

SHAFA'ATU: To, barka. Ni dai har gobe ban san mi kake yi ba. In an tambaye ni cewa nike kana gyaran kwamfuta.

BILYA: Ba gyara ba ne. Ki saurara, a hankali zan gaya miki. Kin san hotuna da muryoyi da takardun da mutum ke ajiyewa a waya? Ana iya kulle su. Ba irin kullen da kike yi da zanen yatsa ba, wannan duk wani mai gyaran waya zai cire miki. Wannan hargitsa kayan ake yi gaba ɗaya. Wanda ya ƙwace wayar ba zai ga hoto ba, ba zai ga suna ba, ba zai ma san ko mene ne a ciki ba. Sai mai makulli.

SHAFA'ATU: To ba akwai irin shi tuntuni ba?

BILYA: Akwai. Matsalar ita ce kowace na'ura da halinta. Kwamfuta mai Windos da yadda take ajiye kaya, mai Linoks daban, wayarki ta Andiroyid daban. Ka kulle akwati a nan, ka kai can, ta ce ba ta san zance ba. Masu rubuta manhaja sai sun yi aikin sau uku, kuma sau ukun sai an samu inda ya yoyo. Shi ne ni da Lidiya muka rubuta abin da zai zauna a tsakiya.

SHAFA'ATU: Lidiya ta Rifkatu? Wadda ke Zariya?

BILYA: Ita. Ɓangaren waya duk hannunta ne. Yanzu mai manhaja abu huɗu kawai zai ce: buɗe, karanta, rubuta, rufe. Namu ne zai san yadda zai gaya wa kowace na'ura da yarenta. Akwati ɗaya, makulli ɗaya, ko'ina ka kai shi.

SHAFA'ATU: Tafinta ke nan kuka yi.

BILYA: Tafinta mai riƙon amana. Kin gane fiye da wasu masu digiri.

SHAFA'ATU: Yo nono ɗaya muka sha, ni na rage maka.

BILYA: Da na ga ya buɗe, wallahi zama na yi na kasa tashi. Na fi awa ina kallon silin. Sai nake ganin hanyar Funtuwa zuwa Sheme, motoci cike, ba wanda ke goge hotunan 'ya'yansa kafin ya shiga mota. Kin san yadda ake yi yanzu. Mutum ya tsaya a tasha yana goge lambar ɗan'uwansa, yana goge hoton bikinsa, don kar a tare hanya a gani a ce yana da mai fansarsa.

SHAFA'ATU: Ni za ka gaya mawa? Hoton sunan Sumayya ko ɗaya ba ni da shi. A tashar Ƙanƙara na goge su, ina gogewa ina hawaye.

BILYA: To shi nake gani ya ƙare. Kuma ba shi kaɗai ba. Nake ganin mun bi ƙauyukan nan, daga Faskari har Sabuwa, duk tsohon da ya rage mu zaunar da shi a inuwa ya yi magana. Sunayen gonaki, sunayen tafkuna, wa ya sari wane daji. Mu kulle, mu ba jikokinsa makulli. Bayan shekara ɗari, wata na'urar da ba a ma ƙera ba tukuna, wani ya rubuta mata ɗan guntun da zai haɗa ta da namu, shi ke nan. Yarinya tana zaune, ta danna, sai kakan kakanta ya yi gyaran murya.

SHAFA'ATU: Kai, Auta. Har ka sa tsigar jikina ta tashi.

BILYA: Kuma na farkonsu Baba ne.

SHAFA'ATU: Baba?

BILYA: Kin manta daminar ƙarshe da na yi a gida? Kafin ku da su Rifkatu ku taso daga Unguwar Marke? Da nake bin sa gona da 'yar na'urar ɗaukar magana?

SHAFA'ATU: Da Inna ke cewa ka zama jelar Malam. Na tuna.

BILYA: Awa goma sha tara, Yaya Shafa. A gindin ɗorawar nan ta gonar gabas. Yana ba da labarin yadda kakanmu ya taso daga Tafoki da jaki ɗaya. Yadda shi da Ɗanhausa, mijin Rifkatu, suke musayar iri duk shekara, shi ya ba shi gero, Ɗanhausa ya ba shi dawa, shekara arba'in ba su taɓa aunawa ba. Akwai inda ruwa ya sauko muna ciki, kina jin ɗigonsa a ganye, Baba ya yi shiru ya ce bari Mai magana Ya gama tukuna. Akwai inda ya yi dariya har ya sarƙe.

SHAFA'ATU: Wayyo Allah.

BILYA: Akwai inda ya kira sunanki.

SHAFA'ATU: Ni? Baba? Bai taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. Ɗiyar fari ce ni, sai dai “ke”, sai dai “waccan”.

BILYA: Ya kira. Ya manta na'urar na kunne. Sau ɗaya.

SHAFA'ATU: Auta... bari in gaya maka abin da ban gaya ma kowa ba. Muryar Baba ta ɓace mani. Ina tuna tarinshi. Ina tuna ƙarar takalminshi a zaure. Ina tuna warin tawada a hannunshi. Amma in na ce bari in ji yadda shike cewa “ina wuni”, sai shiru. Sau uku ina mafarkinshi. Shina zaune kan buzu, bakinshi na motsi, ni kuwa kamar an cusa mani auduga.

BILYA: Za ki ji shi. Don haka na kira.

SHAFA'ATU: To mi ya hana ka turo mana tuntuni? Wata goma kana zaune da ita?

BILYA: Shi ya hana. A cikin maganar ya faɗi abubuwa, ya kira sunayen waɗanda yake zargi suna kai rahoto daji. Da muka gama ya ce, Bilyaminu, wannan magana kar ta bi iska a buɗe, akwai 'ya'yan mutane a ciki. Na yi masa alkawari. Na kulle ta a gabansa. A kwamfutata kaɗai take buɗewa, shi ya sa nake ta wannan wahala don ta iya buɗewa a wayarku tana kulle.

SHAFA'ATU: To yanzu ai an samu. Turo.

BILYA: Saura abu ɗaya. Kwamfutar ta mutu.

SHAFA'ATU: Ta mi?

BILYA: Wata huɗu ke nan. Tsawa aka yi tana jikin wuta, ta ƙone ƙurmus. Kar ki tsorata, akwatin na nan, na ajiye kwafi har wuri uku. Makullin ne. Ita ke riƙe mini shi, shekara uku ban shigar da shi da hannuna ba. Kalmomi ne goma sha biyu, bakwai nake tunawa, su ma ban san wacce ke gaban wacce ba.

SHAFA'ATU: Innalillahi. Wata huɗu, ba ka faɗa ba?

BILYA: Da wane bakin? Amma ba komai, na rubuta su a takarda. Tana cikin gafakar Baba, can bayan shafin ƙarshe na Alƙur'aninsa. Na ce duk ɓarawon duniya ba zai sa hannu a nan ba. Gafakar na wajenku, ko?

SHAFA'ATU: Tana nan. Rataye take ɗakin Inna.

BILYA: Alhamdu lillahi! Je ki ɗauko. Ki karanta mini yanzu, ina riƙe da biro.

SHAFA'ATU: Takarda... wace iri?

BILYA: 'Yar ƙarama, irin takardun Baba masu ruwan ƙasa. Da ajami na rubuta. Ranar ba biro a kusa, sai na ɗauki alƙalaminsa da tawadarsa.

SHAFA'ATU: Da bisimilla a sama?

BILYA: Eh. Baba na zaune, ya ce ba a taɓa rubutu da alƙalamin nan ba bisimilla ba. Ashe kin gan ta.

SHAFA'ATU: Da... da zane? Gida-gida?

BILYA: Eh, layi uku, gida huɗu-huɗu, don kar in rikita jerin. Kowace kalma a gidanta. Yaya Shafa?

SHAFA'ATU: Alo? Alo? Sabis ya... ba ni ji...

BILYA: Yaya Shafa, har kukan akuyarku nake ji. Sarai kike ji na.

SHAFA'ATU: Auta, kai ma da naka laifi. Wa ya aike ka? Takardar Malam, tawadar Malam, bisimilla a sama, gida-gida a ƙasa. Duk wanda ya gani a ƙasar nan mi zai ce? Hatimi zai ce!

BILYA: Hatimi kuma? Ƙwarya ce a ciki, da tsamiya, da raƙumi! Kalmomin da kwamfuta ta tsinto mini haka kawai!

SHAFA'ATU: Wa ya tsaya karantawa? Ni ajamin nawa ka san shi, ban wuce bi da yatsa ba. Kuma ana karanta sirrin malamai ne?

BILYA: Ina takardar?

SHAFA'ATU: Bayan addu'ar arba'in Inna ta sauko da gafakar za ta kaɗe ƙura, sai ta faɗo mata a cinya. Ta daɗe tana kallonta. Ta ninke, ta ce in kai ma Gide baduku ranar kasuwa.

BILYA: A'a.

SHAFA'ATU: Ni na kai da hannuna. Ina tsaye ya naɗe ta da zare, ya ɗinke da jar fata.

BILYA: Laya? Kun mayar da makullin laya?

SHAFA'ATU: Tana damtsen Inna na hagu. Dare da rana.

BILYA: La haula wala ƙuwwata... Bari in zauna.

SHAFA'ATU: Ka yi haƙuri. Wallahi da na sani... Amma tsaya, ba kai ka ƙera kwaɗon ba? Maƙeri ai ba ya kwana waje. Fasa shi mana.

BILYA: Ba ya fasuwa.

SHAFA'ATU: Ko kai?

BILYA: Ko ni. Abin da muka fi wahala a kai ke nan. Lidiya ta taɓa cewa mu bar wata 'yar ƙofa ta baya saboda irin wannan rana. Ni na ƙi. Na ce ƙofar da zan iya bi, wanda ya ɗora mini bindiga a ka ma zai bi. Har ina alfahari. Kalmomi biyar ɗin da na manta, in kwamfuta ta zauna tana canka, sai jikokin Sumayya sun yi furfura ba ta kama hanya ba.

SHAFA'ATU: Ke nan Baba na ciki shina magana, mu muna waje.

BILYA: Haka. Yaya Shafa, Gide ya sa leda kafin ya ɗinke?

SHAFA'ATU: Leda? Gide? Mutumin da ke cewa leda ta kashe sana'a? Zare kawai da fata.

BILYA: Tawada ce fa. Ta gawayi da ƙaro, irin wadda ake wankewa a sha. Zufa kaɗai ta ishe ta. Tana cirewa in za ta yi wanka?

SHAFA'ATU: Wanka tana cirewa. Amma da ita take surfe, da ita take zuwa wajen kuɓewarta. Makon jiya ruwa ya dake ta hanyar dawowa.

BILYA: Subhanallahi. To ji nan. Gobe in ta shiga wanka, ki ɗauki reza. Ki bi ɗinkin a hankali, ki ɗauki hoton takardar, ki mayar. Ki kai wa Gide ya sake ɗinkewa. Minti biyar.

SHAFA'ATU: Minti biyar a Kaduna. Nan Gide sai ranar kasuwa, in ce mata layar ta tafi ina? Kuma ka san abin da ake cewa, layar da aka buɗe ta tashi aiki.

BILYA: Ai ba laya ba ce!

SHAFA'ATU: Gare ka. Kai ba ka ga Inna ba bayan rasuwar. Ba ka nan.

BILYA: Hanya ce aka rufe makon, kin sani.

SHAFA'ATU: Makon. Sauran makonnin fa? Ban faɗa don in sosa maka ba, Auta. Na san abin da ka gani. Na san a gabanka masu tare hanya suka sauke wani bawan Allah daga mota saboda hoto ɗaya a wayarshi.

BILYA: Kafaɗarsa na jikin tawa tun daga Funtuwa. Gyaɗa ya ba ni a hanya. Hoton nan ma motar ogansa ce ya jingina da ita. Har yau in na rufe ido ina ganin takalminsa ƙafa ɗaya a bakin titi.

SHAFA'ATU: Na sani. Amma ka ji nawa. Kwana arba'in Inna ba ta cin abin kirki. Sai ta zauna bakin ƙofa tana kallon zaure. Fura in na dama mata sai ta yi tsami a ƙwarya. Ranar da ta ɗaura layar nan ta ci tuwo malmala biyu. Ta koma kiwon kajinta. Har tsokanar Rifkatu take ta kan katanga. Yanzu in je in ce mata abin da take riƙe da shi ba hannun Malam ba ne, raƙumi ne da ƙwarya?

BILYA: Amma muryarsa ce a ciki. In ta ji muryarsa ai ya fi takarda.

SHAFA'ATU: In ta buɗu. In kuma na farke na tarar tawada ta zama kunu fa? Ba laya, ba murya. In ce mata mi?

BILYA: Ban sani ba.

SHAFA'ATU: Ni ma ina so, kar ka ga kamar ba ni so. Tun da ka ce ya kira sunana hankalina ke can. Ina so in ji yadda ya faɗe shi. Ya ja shi ne, ko ya datse? Shafa'atu ya ce ko Shafa?

BILYA: Cikakke ya faɗa. A hankali, kamar yana...

SHAFA'ATU: Yi shiru, ga ta nan. Sannu da dawowa, Inna. Auta ne. Eh, shi. Gaisuwa ce kawai ya... To. To, ga shi. Auta, ga Inna.

INNA: Salamu alaikum.

BILYA: Wa alaikumus salam. Inna, ina wuni?

INNA: Lahiya lau, Auta. Kana lahiya?

BILYA: Lafiya lau, Inna. Ya jiki? Ya ƙafar?

INNA: Ta yi sauƙi. Ya aiki? Kana cin abinci?

BILYA: Ina ci, Inna.

INNA: Muryarka ba ta nuna ba. Rifkatu na gaishe ka. Ta ce ka gaya ma ɗiyarta ta riƙa kira.

BILYA: Ina amsawa. Zan gaya mata.

INNA: To. Mi kake nema?

BILYA: Ba komai, Inna. Gaisuwa ce.

INNA: Auta, waccan tana bisa turmi tana shela tun ɗazu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni da Rifkatu muka aje kalwa muka saurara, har raƙumin mun ji.

BILYA: Inna, ki gafarce ni. Kuskurena ne. Ban so ki sani ba, don na ji yadda kike...

INNA: Ban san mi ba? Cewa ba hannun Malam ba ne?

BILYA: Eh.

INNA: Shekara arba'in da ɗaya ina wanke allunan mahaifinku. Karatu dai ban yi nisa ba, amma in an kawo mani rubutu ɗari zan tsame nashi. Nashi kwance shike, shina tafiya a natse. Naka kuwa tun kana yaro tsaye shike cirko-cirko, kamar ana korarka. Tana faɗowa cinyata na san taka ce.

BILYA: Kin sani? To me ya sa...

INNA: Kayan Malam sun cika mani ɗaki. Buzunshi, tasbaharshi, rigunanshi. Kuma shi na san inda shike, Wanda ya karɓe shi Ya fi ni iya riƙo. Kai ne ban san inda kake kwana ba. Kai ne ba ni da ko tsummanka. Da muka taso daga ƙauye, ɗakinka ko tsinke ba mu ɗauko ba. Sai ga hannunka cikin Alƙur'anin ubanka, da bisimilla a sama. Mi kake so in yi da ita? In sa ta ƙarƙashin katifa ɓera ya ci?

BILYA: Inna...

INNA: Kar ka yi mani kuka ta waya, ba ni iya share maka. Gaskiya ne abin da na jiyo? Malam na ciki shina magana?

BILYA: Gaskiya ne. Awa goma sha tara.

INNA: Da dariyarshi?

BILYA: Da ita.

INNA: Uhm. Ina so in ji. Allah Ya sani ina so in ji. In zauna nan gindin darbejiya bayan la'asar, in kara a kunne, shina faɗa ina ce mashi ba haka aka yi ba. Don na san rabin labaran ya ƙara masu gishiri.

BILYA: To Inna, ki ba Yaya Shafa ta buɗe. Yanzu-yanzu, kafin magariba kin ji shi. Wallahi kafin magariba.

INNA: A'a.

BILYA: Inna, don Allah.

INNA: Hannun da ya rubuta shi zai kwance. Ba wanda zai sa ma abin nan reza sai kai, kana zaune gabana ina kallonka. Ka buɗe mana ubanka muna tare, ka je ka tsaya kan kabarinshi, tunda ba ka samu jana'iza ba.

BILYA: Tawada ce, Inna. Kullum zufa na cin ta. In ta goge shi ke nan, har abada ba mai buɗewa.

INNA: To ka yi sauri.

BILYA: Hanyar...

INNA: Ban ce babu tsoro ba. Wanda ya ce maka babu ya yi ƙarya. Amma ita muke bi mu kai marar lahiya asibiti, ita Rifkatu ta biyo jiya daga Funtuwa da ƙullin gishirinta. Ka shigo motar safe, ka karanta abin da ubanka ya koya maka. Ni ma tsoron nike ji, Auta. Shekara uku ina cewa gara ka zauna can. Yanzu na gaji da gara.

BILYA: Ko ki cire ta ki ajiye a gwangwani har in...

INNA: In na cire ta ka samu wurin zama ke nan. Tana nan inda take. Kuma ranar da za ka taso kar ka gaya mani, kar in wuni a tsaye. In gan ka zaure kawai. Ke, zo nan. Ina ake kashe abin nan? Jan ko koren?

BILYA: Inna, ki saurare ni, ko zuwa bayan damina, in hanya ta ɗan...

INNA: Bar shi, na gane shi, jan ne.